Mai Naɗi Shi Ne Mai Mulki: Yadda Jam'iyyar Kwaminis Ke Riƙe da Ƙasar Sin

A watan Yulin 1921 wasu mutum 13, galibinsu malamai da ɗalibai da 'yan jarida, suka taru a ɓoye a wani gida da ke unguwar Faransawa a birnin Shanghai. Waɗanda suke wakilta duka-duka hamsin ne da 'yan kai, kuma da 'yan sanda suka sansano su sai suka watse, suka ƙarasa taron a cikin jirgin ruwa a tafkin garin Jiaxing. Abin da suka kafa shi ne Jam'iyyar Kwaminis ta Sin, wadda ke mulki tun ranar 1 ga Oktoba, 1949, kuma alƙalumanta suka nuna mambobinta sun haura miliyan 100 a ƙarshen 2024, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 14 na al'ummar ƙasar. In aka tambayi mutane dalilin daɗewarta, alhali takwararta ta Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, wasu su ce aƙida, wasu su ce bindiga, wasu su ce cikin talaka ne ya cika. Kowace amsa da ƙamshin gaskiya, amma a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Aƙidar ta sake kama sau da dama, bindiga kowane mai danniya yana da ita, arzikin kuwa sai bayan shekara 30 da hawa mulki ya fara zuwa. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne jam'iyya ce ke yanke wanda zai shigo, da wanda za a ba muƙami, da wanda za a ɗaga, da wanda za a sauke. A wannan ikon naɗi ƙarfinta yake, kuma a nan babbar illarta take.

Tarihinta ne ya koya mata haka, da jini kuma ta koya. Fasalin da ta taso a kai daga Mosko ya zo, domin wakilai biyu na ƙungiyar 'yan kwaminis ta duniya sun halarci wancan taron farko. Fasalin Lenin ne: ƙungiyar zaɓaɓɓu mai horo irin na soja, a yi muhawara kafin a yanke hukunci, da zarar an yanke kuwa na ƙasa ya bi na sama ba musu. Bisa umarnin Mosko ta haɗa kai da jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang, har mambobinta suka kusa 58,000. A Afrilun 1927 jagoran Kuomintang Chiang Kai-shek ya juya mata baya, aka yi wa 'yan kwaminis kisan gilla a Shanghai da sauran birane, cikin 'yan watanni akasarin mambobin suka mutu, ko suka gudu, ko suka miƙa wuya. Waɗanda suka tsira suka shige ƙauyuka da tsaunuka suka kafa rundunarsu. Da aka sake yi musu ƙawanya a lardin Jiangxi, a Oktoban 1934 mutum kusan 86,000 suka kama doguwar tafiyar nan da ta shahara, waɗanda suka isa arewacin Shaanxi bayan shekara guda ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ƙungiyar da ta sha irin wannan wuya ba ta yarda da baƙo, nata ma sai ta bincika. A sansaninta na Yan'an, daga 1942, Mao Zedong ya jagoranci gagarumin tankaɗe da rairaya: kowane jami'i ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya soki kansa a gaban 'yan'uwansa, a buɗe masa fayil da zai bi shi duk inda aka tura shi. An zalunci mutane da yawa a wannan tankaɗen, wasu sun rasa rayukansu. Duk da haka jam'iyyar ta fito da abin da Kuomintang ba ta taɓa samu ba, wato sanin mutanenta ɗaya bayan ɗaya da iya juya su, kuma hakan na cikin abin da ya ba ta nasara a yaƙin basasa.

A rubuce, iko daga ƙasa yake hawa sama. Duk inda cikakkun mambobi uku suka haɗu, a ƙauye ko masana'anta ko jami'a ko asibiti ko bariki, sai a kafa reshe, kuma irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi sun wuce miliyan 5. Daga nan ake zaɓo wakilai mataki-mataki har zuwa Babban Taro da ake yi duk shekara 5 a Beijin. Na 20, wanda aka yi a Oktoban 2022, wakilai 2,296 aka zaɓa masa. Taron ya zaɓi Kwamitin Tsakiya mai cikakkun mambobi 205 da 'yan jiran gado 171, kwamitin kuma ya zaɓi Ofishin Siyasa mai mutum 24, da Zaunannen Kwamiti mai mutum 7, da Babban Sakatare. A aikace kuwa daga sama abin yake gangarowa. Sunayen da ake gabatar wa wakilai an riga an tace su tun watanni kafin taro, 'yan takarar Kwamitin Tsakiya da kaɗan suke ɗara yawan kujeru, kuma ba wanda ke fitowa bainar jama'a ya ce ya fi wane cancanta. Taron mako guda da ake yi sau ɗaya a shekara 5 ba zai iya sa ido kan mutum 7 da ke zama kusan kowane mako ba. Waɗannan mutum 7, ciki har da Babban Sakatare Xi Jinping da ke kansu, su ne masu ƙasar.

Mai son gane tsarin ya lura da abu ɗaya: kusan kowace kujerar gwamnati akwai kujerar jam'iyya da ta fi ta tsayi. Lardin Guangdong, inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya a Guangzhou, yana da gwamna, amma sakataren jam'iyya na lardin ne gaba, gwamnan mataimakinsa ne a kwamitin jam'iyya. Haka magajin gari, haka shugaban jami'a. Cikin manyan muƙamai uku da Xi ke riƙe da su, na shugaban ƙasa ne mafi ƙarancin nauyi. Masu nauyin su ne babban sakatare da shugaban Kwamitin Ƙoli na Soja, domin rundunar ta jam'iyya ce, gare ta take amsa umarni. Shi ya sa Deng Xiaoping ya juya ƙasar duk shekarun 1980 ba tare da ya zama shugaban ƙasa ko na jam'iyya ba, kujerar da ya riƙe gam ita ce ta kwamitin soja, daga 1981 zuwa 1989. Kotuna da 'yan sanda suna ƙarƙashin kwamitin jam'iyya na harkokin shari'a, jaridu da talabijin suna ƙarƙashin sashen yaɗa manufa. Akwai ƙananan jam'iyyu 8 da aka amince da su, sai dai sharaɗin zamansu shi ne yarda da jagorancin babbar, shawara kawai suke bayarwa. Manyan kamfanonin gwamnati ma haka suke. CNPC mai haƙar mai a Agadem ta Nijar, da CCECC da ya shimfiɗa dogon Abuja zuwa Kaduna, suna da kwamitocin jam'iyya, kuma bisa al'ada shugaban irin wannan kamfani shi ne sakataren jam'iyyarsa. Ministanmu da ke ciniki da shi ya kamata ya san cewa makomar mutumin tana hannun masu riƙe da fayil ɗinsa.

Masu riƙe da fayil ɗin su ne Sashen Kula da Jami'ai na Kwamitin Tsakiya, ofishin da ba a cika jin sunansa a labarai ba, alhali shi ne zuciyar tsarin. Shi ke kula da naɗin ministoci da mataimakansu, da shugabannin larduna, da na manyan jami'o'i da bankuna da kamfanoni, kowane lardi da gunduma kuma da irinsa mai kula da muƙaman ƙasa. Jami'i yakan fara daga ƙaramar gunduma, a auna shi da bunƙasar tattalin arziki da kuɗin shiga da rashin tarzoma, daga baya aka ƙara tsabtar iska da rage talauci. A tura shi makarantar jam'iyya ya yi kwas, a canza masa wuri don kada ya yi saiwa a garinsu. Xi kansa ta nan ya bi. An tura shi ƙauyen Liangjiahe a 1969 yana ɗan shekara 15, ya nemi shiga jam'iyya sau da dama ana ƙi saboda mahaifinsa na cikin waɗanda aka yi fushi da su, sai 1974 aka karɓe shi. Ya yi aiki a gundumar Zhengding daga 1982, ya yi shekara 17 a Fujian, ya shugabanci Zhejiang, ya ɗan taɓa Shanghai, ya shiga Zaunannen Kwamiti a 2007, ya zama babban sakatare a 2012. Ba a hawa wannan kujerar dare ɗaya. Amma kada a manta mahaifin nasa, Xi Zhongxun, tsohon mataimakin firaminista ne da aka mayar wa martabarsa bayan mutuwar Mao, kuma aikin farko da ɗan ya samu bayan jami'a shi ne zama sakataren Geng Biao, babban jami'i a kwamitin soja. Cancanta tana aiki a can, uwa a gindin murhu ma tana aiki.

Ƙofar shiga a tsuke take, kuma wanda ya saba da jam'iyyun da ake yankar kati yau a sauya sheƙa gobe zai sha mamaki. Sai mutum ya cika shekara 18 ya rubuta takardar neman shiga da kansa. In reshe ya ga alamar alheri, a sa shi cikin masu himma, a lura da shi aƙalla shekara guda, yana halartar darussa yana rubuta rahoton yadda tunaninsa ke tafiya. Sannan a binciki tarihinsa da na danginsa na kusa, cikakkun mambobi biyu su tsaya masa, reshe ya kaɗa ƙuri'a, kwamitin da ke sama ya amince, ya yi rantsuwa a gaban tuta. Duk da haka ɗan gwaji ne na shekara guda, ba shi da ƙuri'a. Zai riƙa biyan kuɗin jam'iyya daga albashinsa, daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 cikin 100, wanda kuwa ya yi wata 6 bai biya ba ko bai halarci taron reshe ba babu uzuri, ana ɗaukar ya fita. A 'yan shekarun nan masu jiran a karɓe su sun wuce miliyan 20, waɗanda ake ɗauka a shekara miliyan 2 ne da ɗoriya.

To su wa ake ɗauka? Tutar jam'iyya har yau guduma da lauje ne a jikinta, amma leburorin masana'antu ba su kai kashi 7 cikin 100 na mambobi ba, manoma da makiyaya da masunta kusan ɗaya cikin huɗu ne, fiye da rabi kuwa sun yi karatun gaba da sakandare. A Yulin 2001 babban sakataren lokacin, Jiang Zemin, ya buɗe ƙofa ga masu kamfanoni, aka tabbatar da hakan a taron 2002, har ga shi a 2018 jaridar jam'iyya ta bayyana cewa Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba, mamba ne. Mata kusan kashi 30 ne, amma ko ɗaya babu cikin mutum 24 na Ofishin Siyasa da aka zaɓa a 2022, kuma mace ba ta taɓa zama a Zaunannen Kwamiti ba. Masu suka sukan ce ai wannan ya nuna jam'iyyar fanko ce, ɗalibi neman aikin gwamnati ya kai shi, attajiri neman kariya, ba wanda ya damu da aƙidar Markis. Ban musa cewa da yawa abinci suka je nema ba. Inda na bambanta da su shi ne ɗaukar hakan a matsayin rauni. Jam'iyyar da ke iya jawo ɗalibin da ya fi haziƙanci da ɗan kasuwar da ya fi ƙwazo ta raba duk wata adawa da shugabanninta tun kafin a haife ta. Wanda ya shiga ya sa wuyansa a igiyar ladabtarwa, kuma duk abin da ya tara ya dogara da zaman tsarin. Wannan ɗauri ya fi na aƙida wuyar kwancewa.

Ƙalubale mafi nauyi daga masoya tsarin yake zuwa. Suna cewa a duba sakamako: Bankin Duniya ya ƙiyasta kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40, ƙasar ta zama ta biyu a tattalin arzikin duniya, layukan jirgin ƙasanta mai gudun tsiya sun fi na sauran duniya gaba ɗaya tsawo. Duk gaskiya ne, kuma ba za a raba shi da tsarin naɗi ba, domin jami'in da ya san ƙarin girmansa na rataye da masana'antun da ya jawo wa gundumarsa ba zai yi barci ba. Sai dai injin nan duk inda na sama ya nuna yake bi, ko da rami ne. A 1958 Mao ya ƙaddamar da Babban Yunƙurin Ci Gaba, jami'ai suka shiga gasar ƙara gishiri a yawan amfanin gona don su faranta wa na sama, gwamnati ta kwashe hatsi bisa waɗannan alƙaluman ƙarya, har da fitar da shi waje, ƙauyuka suka wayi gari babu abin ci. A taron Lushan na 1959 ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna masa ɓarnar, aka tsige shi, aka bi masu irin ra'ayinsa da hukunci, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Ƙiyasin masana kan waɗanda yunwar ta kashe ya kama daga miliyan 15 zuwa sama da 40. Wani zai ce ai tsohon zance ne. A ƙarshen Disamban 2019 likitan ido Li Wenliang, shi ma ɗan jam'iyya, ya gargaɗi abokan karatunsa game da wata sabuwar cuta a Wuhan, 'yan sanda suka kira shi suka ja masa kunne kan yaɗa jita-jita. Cutar ta kashe shi a Fabrairun 2020, aka sauke sakatarorin jam'iyya na Wuhan da lardin Hubei, daga baya aka karrama shi. Hukuncin ya zo, amma bayan an yi asarar makonnin da suka fi muhimmanci. Jami'in da na sama kaɗai ke iya ɗagawa ko saukewa zai ɓoye wa na saman mummunan labari, talakan da ya san gaskiyar kuwa ba shi da ƙuri'a, ba shi da jarida mai 'yanci, ba shi da kotun da ta fi ƙarfin jam'iyya.

Za a ce ai jam'iyya tana da hukumar ladabtarwa mai haƙora. Tana da ita. Tun 2012 an hukunta mambobi miliyoyi, an ɗaure jigon jam'iyya Bo Xilai rai da rai a 2013, an yi wa Zhou Yongkang, tsohon ɗan Zaunannen Kwamiti mai kula da jami'an tsaro, irin wannan hukunci a 2015. Wanda ya ce duk siyasa ce ya zalunci gaskiya, domin cin hanci ya yi katutu har ana sayen muƙamai a soja. Amma hukumar ƙarƙashin shugabancin jam'iyya take, saboda haka sandarta ƙasa da gefe take duka, ba ta kai wa ga mai riƙe da ita. A Yunin 2024 an kori tsofaffin ministocin tsaro biyu, Wei Fenghe da Li Shangfu, daga jam'iyya bisa zargin cin hanci, kuma dukansu a zamanin Xi aka naɗa su, bayan duk tacewar da ake alfahari da ita.

Akwai kuma abin da mai karatu Musulmi ko Kirista bai kamata ya tsallake ba. Ɗan jam'iyya ba a yarda ya bi addini ba, kuma tunda manyan muƙamai na 'yan jam'iyya ne, mai riƙo da sallarsa a fili ba zai taɓa kai wa inda ake yanke hukunci ba. A yankin Xinjiang shugaban gwamnati ɗan ƙabilar Uigur ne kamar yadda doka ta tanada, amma tun ƙarshen shekarun 1970 sakataren jam'iyya ɗan ƙabilar Han ne. A zamanin sakatare Chen Quanguo, wanda aka tura can a 2016, aka tsare Musulmi masu ɗimbin yawa a sansanoni. Beijin ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne na yaƙi da ta'addanci, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ya ce a rahotonsa na Agustan 2022 abin da aka yi na iya zama laifi kan bil'adama. Tsarin da ya kai wutar lantarki ƙauyuka cikin sauri shi ne ya gina waɗannan sansanoni, da sauri iri ɗaya.

Shi ya sa nake jan hankalin masu cewa maganin ciwonmu jam'iyya ɗaya ce irin ta Sin. Kiran yana da kasuwa, kuma Beijin na tallata gogewarta: a 2022 aka buɗe makarantar horar da shugabanni mai sunan Julius Nyerere a Kibaha ta Tanzaniya, da tallafinta, domin jam'iyyu 6 na kudancin Afirka. Amma mun taɓa gwada jam'iyya ɗaya. PPN-RDA ta Diori Hamani ita kaɗai ce a fagen Nijar daga 1960 har sojoji suka kifar da ita a 1974 a tsakiyar fari da yunwa, CPP ta Nkrumah ta zama tilo a Gana a 1964 ta faɗi a 1966. Hana adawa abu ne mai sauƙi, kowa ya iya. Mai wuyar shi ne ajiye tarihin aikin kowane jami'i, da gwada shi daga ƙasa, da horar da shi, da auna shi da abin da ya gina, kuma ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar a rufe bakin jama'a. Wannan rabin ya cancanci a koya, ɗaya rabin kuwa mun riga mun ɗanɗana.

Saura kujera guda da tsarin naɗin bai taɓa samar wa tabbatacciyar ƙa'ida ba, wato ta mai naɗin kansa. Magajin Mao na farko, Liu Shaoqi, a tsare ya mutu a 1969 lokacin Juyin Juya Halin Al'adu. Na biyu, Lin Biao, ya mutu a hatsarin jirgi a Mongoliya a 1971 yana gudu. Hua Guofeng ya gaji kujerar, Deng ya ture shi gefe, sannan Deng ɗin ya sauke zaɓaɓɓunsa biyu, Hu Yaobang a 1987 da Zhao Ziyang a 1989, bayan Zhao ya ƙi goyon bayan tura soja kan masu zanga-zangar Tiananmen. Don gudun maimaicin zamanin Mao aka shigo da ritayar dole da shugabancin haɗin gwiwa, aka sa wa shugaban ƙasa wa'adi biyu a tsarin mulkin 1982, kuma da wannan aka miƙa mulki lami lafiya a 2002 da 2012. A 2018 aka cire wa'adin, a 2022 Xi ya karɓi zango na uku, ya cika Zaunannen Kwamiti da makusantansa, ba tare da wani matashi da za a ce shi ne mai jiran gado ba. Kujerar babban sakatare dama ba ta da rubutaccen wa'adi. Babban Taro na 21 a 2027 ya kamata a yi shi, lokacin Xi Jinping yana da shekara 74.